Kabarin Matuƙi, Kabarin Kare da Matan da Ruwa Ya Ci

A garin Steenbergen da ke kudancin ƙasar Holan, cikin maƙabartar 'yan ɗariƙar Katolika, akwai fararen duwatsun kabari guda biyu a jere. Ɗaya na Guy Gibson ne, matuƙin jirgin yaƙin Ingila wanda ya jagoranci harin da aka kai wa madatsun ruwan Jamus a daren 16 ga Mayu 1943. Ɗayan na James Warwick ne, mutumin da ke nuna masa hanya a daren da jirginsu ya faɗi. A filin jiragen sama na Scampton, can lardin Lincolnshire a Ingila, akwai wani kabarin da aka kafa wa dutse mai rubutu, na karen Gibson. A garin Neheim na Jamus kuwa, a kwarin kogin Möhne, akwai manyan ramukan da aka jera gawawwakin ɗaruruwan mata 'yan aikin dole, galibinsu daga Yukiren da sauran yankunan Tarayyar Sobiyet, waɗanda ruwan da rundunar Gibson ta saki ya ci. Ingila ta san sunan matuƙin, ta san sunan karen har ta yi faɗa a kansa, amma shekara tamanin ke nan tana bikin wannan dare ba tare da ta haddace sunan mace ɗaya daga cikin matan ba. Da wannan irin tunawa nake jayayya, kuma ba zan sassauta murya ba don kawai wanda ake tunawar jarumi ne.

Bari in fara da abin da ya cancanci yabo, domin kada a ce gaba ce ta kawo ni. A daren 19 ga Satumba 1944 Gibson ya tashi daga filin Woodhall Spa cikin ƙaramin jirgi samfurin Mosquito, an ɗora masa nauyin sarrafa harin da aka kai garuruwan Rheydt da Mönchengladbach. A hanyar dawowa, wajen ƙarfe goma da rabi na dare, jirgin ya faɗi a bakin garin Steenbergen ya kama da wuta. Ƙasar tana hannun sojojin Hitila a lokacin, kuma ana tsakiyar gwabza yaƙin Arnhem. Abin da aka tsinta na jikin mamatan bai taka kara ya karya ba, har da farko aka ɗauka mutum ɗaya ne, sai da aka ga hannu na uku aka gane su biyu ne. Warwick an shaida shi da 'yar alamar sunan da sojoji ke ratayawa. Gibson kuwa, mutumin da hotonsa ya cika jaridun Landan da Niyok, ba abin da ya rage mai ɗauke da sunansa sai ɗan ƙyallen shaidar wanki da ke jikin safa. Aka haɗa su cikin akwati guda. Mahukuntan garin suka dage sai an yi musu jana'iza ta mutunci, aka ɗauko keken doki na ɗaukar gawa, limaman coci suka halarta, aka kafa gicciye da sunan Warwick, a ƙarƙashinsa aka rubuta cewa ɗayan sojan ba a san ko wane ne ba.

Wannan jana'iza ita ce tunawa mafi tsarki da aka taɓa yi wa Gibson, kuma dalilin tsarkinta shi ne masu yin ta ba su san girman wanda suke binnewa ba. Ba su binne gwarzon madatsun ruwa ba, baƙo suka binne, ɗan wasu mutane da ya mutu nesa da gida, kuma sun yi haka a gaban idon mamaya da ke iya ɗaukar abin a matsayin tsokana. Har yau mutanen Steenbergen ba su yi sake ba. Akwai titi mai sunan Gibson, akwai mai sunan Warwick, kuma a daidai inda jirgin ya faɗi an shimfiɗa hoton tutar Birtaniya da ƙananan duwatsu. Ba ni da ja da su ko kaɗan. Mutumin da aka mamaye ƙasarsa shekara huɗu, yana kwance yana jin rugugin jirage suna wucewa gabas, yana da hakkin ya ɗauki wannan ƙara a matsayin albishir, kuma yana da hakkin ya share kabarin wanda ya kawo masa ita.

Jarumtar mutumin ma ba abin musu ba ce. An haife shi a Simla ta ƙasar Indiya a 1918, ya shiga rundunar sojan sama a 1936, kuma kafin ya cika shekara 25 ya fita hari fiye da sau 170, a zamanin da mutum kan gode wa Allah in ya kammala talatin da rai. A watan Maris 1943 aka ba shi sabuwar runduna mai lamba 617, aka ba shi makonni kaɗan ya koya wa mutanensa abin da ba a taɓa yi ba. Makamin da injiniya Barnes Wallis ya ƙera ganga ce mai nauyin tan huɗu da ɗoriya, ana juya ta da baya kafin a sake ta, sai ta riƙa tsalle a kan ruwa kamar dutsen da yaro ya wurga a tafki, ta tsallake ragar kariya, ta daki bangon madatsar, ta nutse a jikinsa sannan ta fashe. Domin hakan ta yiwu dole babban jirgi mai injin huɗu ya sauko zuwa ƙafa 60 kacal daga saman ruwa, cikin dare, da fitilu biyu a kunne ƙarƙashinsa don auna tsayi, wato yana nuna kansa ga masu bindigar kakkaɓo jirage. Gibson ne ya fara jefa tasa a Möhne. Da ya ga an harbo jirgi na biyu, sai ya riƙa bin gefen waɗanda suka biyo baya don ya janyo wutar bindiga zuwa kansa. Jirage 19 suka tashi da mutum 133, takwas ba su dawo ba, mutum 53 suka mutu, uku aka kama. Wanda ya ce wannan ba ƙarfin zuciya ba ne, bai san ma'anar kalmar ba.

Sai dai kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma labarin da Ingila ke bayarwa yakan tsaya ne a sama, a daidai lokacin da bangon ya tsage aka yi sowa a rediyo. Ni ƙasa nake son mai karatu ya sauko tare da ni. Da bangon Möhne ya ɓalle ana gab da ƙarfe ɗaya na dare, ruwa fiye da kubik mita miliyan 100 ya kwararo cikin ƙunƙuntaccen kwari, ya tashi kamar gini mai hawa uku, yana tafe da itatuwa da gadoji da dabbobi. Mutanen ƙauyukan da ke ƙasa sun ji jiniyar gargaɗi, sun yi abin da aka koya musu, suka shige ɗakunan ƙarƙashin ƙasa don tsira daga bom, sai ruwa ya same su a can. Tsohon gidan ibada na Himmelpforten ya tafi da limaminsa. Ba a yi sa'a guda ba ruwan ya isa Neheim, inda aka gina bukkokin katako a fadamar bakin kogi, aka kewaye su da waya, aka cika su da matan da aka kwaso daga gabashin Turai don su yi bauta a masana'antun garin. Waɗannan mata ba su zaɓi Hitila ba, ba su zaɓi zuwa Jamus ba, ba su ma zaɓi inda za su kwana a daren ba. Yawancinsu 'yan mata ne, sa'o'in matuƙan da ke shawagi a samansu. Ƙidayar farko ta hukumomin Jamus ta ce mutum kusan 1,300 suka mutu. Binciken baya ya kai adadin kusan 1,600, kuma fiye da rabinsu baƙi ne, 'yan aikin dole da fursunonin yaƙi. An yi kwanaki ana tsintar gawawwaki a nesa ƙwarai, cikin laka, a kan bishiyoyi, wasu sun sauya kamannin da ko uwa ba za ta gane su ba.

A lura da abin da wannan lissafi ke nufi: a harin da Birtaniya ta fi alfahari da shi a duk yaƙin sama, yawancin waɗanda aka kashe mutanen ɓangarenta ne, 'ya'yan ƙasashen da take ƙawance da su, bayin da aka ce don 'yanta irinsu ake yaƙin. Mutuwa biyu suka yi. Jamus ta ƙwace musu suna ta liƙa musu alama a ƙirji, Ingila ta ƙwace musu rai sannan ta cire su daga labari.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce yaƙi ne da mafi munin mulkin da Turai ta gani, kwarin Ruhr shi ne maƙerar makaman Hitila, kuma laifin ajiye mata a bakin kogi cikin waya yana wuyan wanda ya ajiye su. Na yarda da duka ukun. Na ƙara da cewa harin bai tafi a banza ba: ministan makamai Albert Speer ya kwaso dubban ma'aikata, har daga ganuwar da ake ginawa a gaɓar tekun Atilantika, don su gyara ɓarnar, kuma hotunan fasasshiyar madatsa sun ɗaga darajar Birtaniya a idon Amurka da Rasha a lokacin da take buƙatar hakan. Amma madatsar Sorpe, wadda masana suka san sai an haɗa da ita kafin ruwan Ruhr ya ƙafe, ba ta fashe ba, domin tulin ƙasa ce, ba irin bangon da aka ƙera makamin dominsa ba. Kafin damina ta kaka ta sauka a 1943 an toshe ɓarakar Möhne, kuma Speer da kansa ya yi mamakin yadda ba a dawo an kai wa masu gyaran hari ba. Shugaban rundunar jiragen bom, Arthur Harris, tun farko ya ɗauki shirin a matsayin shirme. To, ko da an ɗauka ribar ta kai yadda masu yabo ke faɗa, me ya hana a faɗi kuɗin da aka biya da wanda ya biya? Dalilin yaƙi yana iya wanke hari, amma ba ya wanke shiru na shekara tamanin. Wanda ya tabbata yana da gaskiya ba ya tsoron karanta sunayen waɗanda gaskiyar tasa ta taka.

Duniya ma ta riga ta yanke hukunci a kan irin wannan hari, ko da ba ta ambaci sunansa ba. Ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977, a sashe na 56, ya haramta kai wa madatsun ruwa hari, ko da suna da amfanin soja, matuƙar hakan zai saki ƙarfin da zai halaka fararen hula masu yawa. Birtaniya ta amince da wannan ƙari a 1998, da wasu sharuɗɗa. Ba ina cewa a yi wa Gibson shari'a da dokar da aka rubuta shekara 33 bayan mutuwarsa ba; wannan zalunci ne. Ina cewa ne ƙasar da ta sa hannu cewa abu haramun ne yau, ya kamata bikinta na abin da ta yi jiya ya zo da sunkuyar da kai. A ranar 16 ga Mayu 2023 tsohon jirgin Lancaster ya yi shawagi a kan tsofaffin filayen Lincolnshire don cikar harin shekara 80, jama'a na ɗaga hannu. Mako uku bayan haka madatsar Kakhovka ta fashe a Yukiren, ruwa ya sake cin 'yan ƙasar nan dai, kuma gwamnatin Landan tana cikin na farkon da suka yi tir. Harin biyu ba ɗaya ba ne, na sani, wanda ya fara yaƙi da wanda aka tilasta wa ba sa zama a ma'auni guda. Amma ruwa bai san wannan bambanci ba, kuma kakannin waɗanda suka nutse a 2023 suna da 'yan'uwa a ramukan Neheim.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan tunawa ta yabo zalla ta cuci shi kansa Gibson, tun yana raye. Da ya dawo daga harin aka ba shi lambar Victoria Cross, mafi girma a lambobin jarumta na ƙasarsa, aka hana shi fita yaƙi, aka mai da shi kayan nuni. Churchill ya tafi da shi Kanada a watan Agusta 1943, daga nan aka zagaya da shi biranen Kanada da Amurka yana jawabi. Aka zaunar da shi ya rubuta littafi, aka tsayar da shi neman kujerar majalisa a mazaɓar Macclesfield kafin ya janye. Saurayi ne ɗan shekara 25 wanda iyayensa suka rabu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta mutu a ƙarshen 1939, kuma bai san wata sana'a ba sai tuƙa jirgi cikin wuta. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa ba duka suka so shi ba. An shaide shi da girman kai da raina makanikai da ƙananan sojoji, abin da marubutan tarihin rayuwarsa ba su ɓoye ba. Da ya ga wasu na ɗaukar sunan da ya saba ɗauka, sai ya matsa lamba a bar shi ya koma. Aka bar shi ya sarrafa babban hari cikin jirgin da bai ƙware da shi ba, a aikin da ba a horar da shi sosai a kai ba, domin ba wanda ke iya cewa a'a ga gwarzon ƙasa. Har yau ana gardama ko man jirgin ne ya yanke, ko wani daga jiragen ɓangarensa ne ya harbe shi bisa kuskure. Ko wanne ne, tatsuniyar da aka gina a kansa tana cikin abin da ya ɗora shi a jirgin. Warwick kuwa, mutumin Belfast mai lambar yabo tasa ta kansa, ya bi shi ne don an ce ya bi, kuma in ban da mutanen Steenbergen da suka sa wa titi sunansa, da ya zama ƙafar labarin wani.

Bayan yaƙi sai gwamnatin da ta yi tallar mutum ɗaya ta juya wa sauran baya. Cikin matasa kusan 125,000 da suka tashi a jiragen bom na Birtaniya, dukansu 'yan sa-kai, mutum 55,573 ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Amma bayan an ƙone Dresden a Fabrairu 1945, inda mutum kusan 25,000 suka mutu, Churchill ya fara ja da baya daga manufar da shi ya amince da ita, kuma a jawabinsa na nasara ya yaba wa runduna-runduna ya tsallake tasu. Sai a 2012 aka buɗe musu dandalin tunawa a Green Park ta Landan, sai a 2013 aka ba su alamar yabo ta musamman, lokacin da yawancin waɗanda suka tsira sun riga mu gidan gaskiya. A tsakanin nan me aka cike gurbin da shi? Da fim. Fim ɗin 1955, wanda Richard Todd ya fito a matsayin Gibson, shi ya zama tarihin da jama'a suka sani, kuma dalilin farin jininsa a bayyane yake: hari ne da ake iya nunawa kamar mai tsabta, bango da ruwa da injiniya mai basira, babu Hambug, babu Dresden, babu yara a ƙone. An ɗauki dare ɗaya aka rufe dare dubu da shi, sannan a cikin daren ɗayan ma aka share Neheim. Kiɗan fim ɗin ya koma abin da 'yan kallon ƙwallo ke rerawa suna buɗe hannuwa kamar fikafikai in ana wasa da Jamus, har tallar giya aka yi da shi. Wannan ba girmama matattu ba ne, ko na sama ko na ƙasa.

Sai maganar kare, wadda da ba don ta faru a zahiri ba da an ce marubuci ne ya ƙirƙira don ba'a. Gibson yana da baƙin kare wanda ya raɗa wa kalmar nan ta cin mutunci da Turawa ke jifan baƙar fata da ita. Mota ta kaɗe karen ana gab da harin, aka binne shi a Scampton a daren da jiragen suka tashi, kuma sunansa ne kalmar sirrin da aka aika gida don sanar da cewa Möhne ta fashe. Wato a daidai lokacin da ruwa ya doshi bukkokin matan, kalmar da ta ratsa sararin Turai ta isa Ingila aka yi murna ita ce wannan zagi. A 2020 rundunar sojan sama ta sauya dutsen kabarin ta cire sunan. Nan take ƙasa ta ɗauka: dubban mutane suka sa hannu a takardar ƙorafi, jaridu suka cika da kukan ana goge tarihi. A 2023, da gwamnati ta so mai da Scampton masaukin masu neman mafaka, aka nemi a tone karen a mai da shi wani sansani, majalisar ƙaramar hukumar ta zauna ta ƙi. A matsayina na baƙar fata, ba zan yi ƙaryar cewa sunan bai dame ni ba. Amma ɓangarorin biyu na wannan faɗa, masu son a bar sunan da masu son a goge, sun bar jaki suna dukan taiki. In da gaske goge tarihi ne damuwar masu ƙorafin, ina takardarsu a kan ɗaruruwan sunayen da ba a taɓa rubutawa ba balle a goge? In kuma da gaske mutuncin waɗanda aka raina ne damuwar masu gyara, ta yaya suka ga kalma a kan dutse, ba su ga bayi a cikin ruwa ba?

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a daina tunawa da irin su Gibson gaba ɗaya, a ɗauke su masu kisa kawai. Waɗannan ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Yaron da ya hau jirgi yana sane cewa kusan rabin sa'o'insa ba sa dawowa, don ya yaƙi mulkin da ya gina Auschwitz, ba ya buƙatar izinin wanda aka haifa cikin zaman lafiyar da ya saya. Goge matuƙin ba zai dawo wa matan da suna ba, zai ƙara yawan waɗanda aka manta ne da mutum ɗaya.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan mai rubutu da Hausa da kabarin Bature a Holan? Ruwanmu ya fi yadda muke zato. Hukumar da ta kafa wa Gibson dutse, wato hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, an assasa ta a 1917 bisa ƙa'ida mai kyau: ba a mai da gawa gida, kowa a binne shi inda ya faɗi, kuma dutsen janar da na kurtu su zama iri ɗaya. Shi ya sa dutsen mai Victoria Cross bai fi na Warwick tsawo ba. Amma a Afrilu 2021 rahoton da hukumar ta sa aka yi ya tabbatar cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya wannan daidaito ya tsaya a kan launin fata: mutum 45,000 zuwa 54,000, galibi 'yan Afirka da Indiya, ba a tuna da su daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, ƙila har 350,000, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Ministan tsaron Birtaniya ya tashi a majalisa ya nemi afuwa. Hannun da ya ware wanda ya cancanci suna daga wanda adadi ya ishe shi, shi ne dai hannun da ya tsallake Neheim. A yaƙi na biyu kakanninmu sun tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da Hausa ake ba su umarni, suka mutu a kwarin Kaladan da dazuzzukan Arakan. Wasu suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, wasu suna ne kawai a jikin bango. Mu kuma me muka yi? Mun sa wa barikoki sunayen wuraren da suka mutu, Dalet a Kaduna, Myohaung a Legas, muka riƙe sunan daji muka saki sunan mutum. Laifi tudu ne. Ba na jin muna da bakin yi wa Ingila gori sosai.

Kuma mun san yadda ake zama a ƙarƙashin jirgi. A Rann, a Janairu 2017, bom ya sauka a sansanin 'yan gudun hijira. A Tudun Biri, a Disamba 2023, ya sauka a kan masu Maulidi. A duka biyun an ce kuskure ne, an faɗi adadi, an yi gardama a kan adadin, aka wuce. Matuƙanmu da suka mutu a fagen daga sun cancanci a kira sunansu ranar 15 ga Janairu, kuma ina son a kira. Amma al'ummar da ta koyi tuna na sama ta manta na ƙasa tana koya wa matuƙi na gaba cewa abin da ke ƙarƙashin fikafikansa ba mutane ba ne, taswira ce.

Abin da nake nema daga masu bikin daren 16 ga Mayu ba mai tsada ba ne. Dandalin Green Park yana da jimla guda da ke tuna mutanen kowace ƙasa da suka mutu a ruwan bom, kuma masana irin su Max Hastings, a littafinsa na 2019 kan harin, sun fara ba matan Neheim gurbi. Jimla guda da babi guda ba su isa ba a inda aka sassaƙa sunayen matuƙa ɗaya bayan ɗaya. Duk inda aka karanta sunaye 53, a ci gaba da karatu har a kai ga na ƙasa, waɗanda aka sani a faɗa, waɗanda ba a sani ba a nemo. Kada a ce ba zai yiwu ba. Shi kansa Gibson ya kwanta a ƙarƙashin gicciyen da ya kira shi sojan da ba a sani ba, sai da wasu suka bi diddigin ɗan ƙyallen safa da takardun runduna suka mai da masa sunansa. Jamusawan Hitila masu son rubutu ne, sun yi wa bayinsu rajista, da katin aiki, da ranar haihuwa, da sunan ƙauye. Babbar ma'ajiyar waɗannan takardu, mai ɗauke da bayanai kusan miliyan 30 a kan mutum miliyan 17 da rabi, tana garin Bad Arolsen, a gunduma ɗaya da madatsar Eder, ta biyu da rundunar Gibson ta fasa a wannan dare, kuma a buɗe take ga duk mai nema.